Yadda Ake Sarrafa Wutar PoE a Suwic: Lissafi, Saiti da Gano Matsala

Suwic shi ne akwatin da ake soka kebul ɗin intanet na kwamfutoci da kyamarori a cikinsa, PoE kuma hanya ce ta tura wutar lantarki ta cikin wannan kebul ɗin. Suwic mai ƙofa 24 da aka rubuta PoE a jikinsa bai yi alkawarin ciyar da na'ura 24 da wuta ba. Abin da ya yi alkawari shi ne wani adadi na wat da ke rubuce a takardar bayaninsa, kuma duk ƙofofin daga wannan adadi ɗaya suke sha, kamar famfuna da yawa a kan tanki ɗaya. Yawancin kukan da ake ji, na kyamarar tsaro mai mutuwa da magariba ko na'urar Wi-Fi mai kashe kanta tana kunnawa, daga rashin wannan lissafi yake fitowa. Aikin sarrafa wutar suwic ya tattara ne a kan abu biyu: ka san nawa kake da shi, sannan ka yanke tun yanzu wace na'ura za a hana wa wuta ranar da bai isa ba. In ba ka yanke ba, suwic ɗin zai yanke maka, shi kuwa bai san kyamarar bakin get ta fi wayar ɗakin baƙi muhimmanci ba.

Abin da ke faruwa idan ka soka kebul

Suwic mai bin ƙa'idar IEEE, ƙungiyar injiniyoyin da ta tsara PoE, ba ya sakin wuta kai tsaye. Da farko yakan tura 'yar ƙaramar wuta, tsakanin bolt 2.8 da 10, ya ji ko akwai turjiya ta kimanin om 25,000 a ɗaya ƙarshen. Wannan turjiya ita ce shaidar cewa na'urar tana son wuta. Kwamfutar tebur ko firinta ba ta da ita, shi ya sa ba abin da ke samun su idan an soka su a ƙofar PoE. Bayan nan sai ya ɗaga zuwa bolt 15.5 zuwa 20.5 ya auna abin da na'urar ta ja, da haka yake sanin ajinta, wato matakin wutar da take bukata. Sai an gama wannan ne ake sakin cikakkiyar wuta. In aka zare kebul, suwic ɗin yana ɗauke wutar cikin ƙasa da rabin daƙiƙa.

Ƙa'idojin uku ne. Ta farko, 802.3af ta 2003, tana fitar da wat 15.4 a ƙofa, na'ura ta samu 12.95. Ta biyu, 802.3at ta 2009, wadda ake kira PoE+, tana fitar da 30, na'ura ta samu 25.5. Ta uku, 802.3bt ta 2018, tana aiki da duka silin kebul takwas, ta ba da wat 60 ko 90, na'ura ta samu 51 ko 71.3. Azuzuwan kuma ga abin da suwic ke ware wa kowanne: aji 1 wat 4, aji 2 wat 7, aji 0 da aji 3 wat 15.4, aji 4 wat 30, aji 5 zuwa 8 kuwa 45, 60, 75 da 90. Ka riƙe waɗannan lambobi, da su za a yi lissafi.

Akwai wata wutar da ita ma ake kira PoE amma ba ta bin wannan hanya ko kaɗan, wato ta bolt 24 da ake samu a yawancin rediyoyin intanet na kan hasumiya na Ubiquiti da wasu na'urorin MikroTik. Ita ba gwaji, ba tambaya: wuta tana kan fil na 4 da 5 da na 7 da 8 a kowane lokaci. Rediyon bolt 24 ba zai tashi a suwic mai bin ƙa'ida ba, sai da injektarsa, wato ƙaramin akwatin da ke sa masa wuta a kebul, ko na'urar da ke sauke wutar. In kuma aka tilasta masa bolt 48, zai iya ƙonewa nan take. Don haka kafin komai, juya kowace na'ura ka karanta abin da ke rubuce a bayanta.

Mataki na farko: rubuta kayan da ke kan suwic

Ɗauki takarda, ko ka buɗe tebur a kwamfuta. Ga kowace na'ura ka rubuta lambar ƙofa, wurin da take, ajinta, iyakar wat ɗin da takardarta ta ce tana ja, da tsawon kebul ɗinta ko da ƙiyasi ne. Iyakar ja za ka rubuta, ba abin da take ja da rana tsaka ba. Kyamarar da ke shan wat 4 da hantsi tana iya ninka haka da zarar fitilunta na gani cikin duhu sun kunnu. Kyamara mai juyawa tana ƙara ja duk lokacin da injinta ya motsa. Na'urar Wi-Fi ma jan da take yi da asuba ba ɗaya ba ne da na lokacin da mutum arba'in ke kanta.

Mataki na biyu: lissafi iri biyu

A ce makaranta ce ko ƙaramin asibiti, mai kyamara 12 'yan aji 3 da iyakar jan kowacce wat 8, na'urar Wi-Fi 4 'yan aji 4 masu jan 20, wayar tebur 4 'yan aji 2 masu jan 5, da kyamara mai juyawa ɗaya 'yar aji 4 mai jan 24.

Lissafi na farko na aji ne. Kyamarori: 12 sau 15.4, wat 184.8. Wi-Fi: 4 sau 30, wat 120. Wayoyi: 4 sau 7, wat 28. Mai juyawa: 30. Jimla wat 362.8.

Na biyu na ainihin ja ne: 96 da 80 da 20 da 24, wato 220. Ƙara kashi 10 cikin ɗari na abin da ke ɓacewa a kebul, ya zama kimanin 242.

Tazarar da ke tsakanin 363 da 242 ita ce inda gizo ke saƙar. Suwic mai wat 370, irin Cisco Catalyst 2960X-24PS-L, zai ɗauki kayan nan ko ta wane lissafi. Lambar 370 ɗin ma ba a banza aka zaɓe ta ba: ƙofa 24 ce sau 15.4, ko ƙofa 12 sau 30. Suwic mai wat 250 zai ɗauke su ne kawai idan yana lissafi da ainihin ja, kuma ba ragowar komai. Mai wat 190 ba zai ɗauka ba, komai yawan ƙofofin da suka rage ba kowa. Shawararmu ita ce jimlar iyakar ja kada ta wuce kashi 80 cikin ɗari na abin da suwic ke da shi. A wannan misali, kimanin wat 300 ne mafi ƙaranci.

Ka kuma duba ko an raba wutar gida-gida. MikroTik CRS328-24P-4S+RM yana ba da wat 450, amma an kasa shi uku, kowace ƙofa takwas na da 150. In ka jera duk masu cin wuta a ƙofa ta 1 zuwa 8, wannan rukuni zai cika alhali sauran biyun na zaune. Warwatsa su za ka yi.

Mataki na uku: kebul

Nan ne aka fi cutar masu aiki, kuma ba saitin da ke gyara shi. Bambancin da ke tsakanin wat 30 na suwic da 25.5 na na'ura rabon kebul ne. Ƙa'idar ta ɗauka cewa kebul na mita 100 yana da turjiyar da ba ta wuce om 12.5 ba. Amfiya 0.6, iyakar abin da PoE+ ke turawa, sau kanta sau 12.5 ya ba da wat 4.5 daidai, wanda ke tafiya a zafi.

Kasuwa cike take da kebul ɗin da ake kira CCA, wato alminiyom ne aka shafa wa jan ƙarfe a sama. Turjiyarsa ta kai kusan ninki ɗaya da rabi na ta jan ƙarfe zalla. In turjiyar layi ta tashi zuwa om 19, amfiya 0.6 za ta zubar da fiye da bolt 11 a hanya. Suwic ya fitar da 50, na'ura ta ga ƙasa da 39, alhali 'yar aji 4 tana bukatar aƙalla 42.5. Abin haushin shi ne irin wannan kebul yana wuce gwajin ƙaramar na'urar nan mai fitilu takwas, intanet ma ta tafi lafiya, sai ranar da aka ɗora masa nauyin wuta. Gane shi ba wuya. Fere sili ɗaya ka kankare shi da wuƙa, in fari ya bayyana a ƙarƙashi, alminiyom ne. Ko ka kara masa wutar ashana: jan ƙarfe zai yi ja ya tsaya, alminiyom zai langwaɓe ya karye. Kwalin mita 305 nasa ma ya fi sauƙin ɗauka a hannu. Araha ba ta ado, musamman ga kebul da za a binne a bango.

Sayi Cat5e ko Cat6 na jan ƙarfe zalla, mai kaurin 24 ko 23 AWG, wato ma'aunin kaurin waya. Tsawo kada ya wuce mita 100 har da gajerun kebul na ɓangarorin biyu. A matse duka fil takwas a kowane kai, domin wasu suwic suna tura wuta ta fil 1, 2, 3 da 6, wasu ta 4, 5, 7 da 8, na 802.3bt kuwa ta duka. Masu raba kebul ɗaya gida biyu don tsimi su ne ke haifar da layin da ke kai bayanai amma ba ya kai wuta.

Zafi ma yana da nasa rabon. Turjiyar jan ƙarfe tana ƙaruwa da kusan kashi 0.4 cikin ɗari a kowane digiri ɗaya. Kebul ɗin da ya bi ta cikin silin ƙarƙashin kwano a watan Afrilu, in ya kai digiri 60, turjiyarsa ta ƙaru da kimanin kashi 16 a kan ta digiri 20. Layin da ke bakin iyaka zai yi aiki da sanyi, ya fara rikici da bazara. Kada a ɗaure kebul da yawa tamau a dami ɗaya a irin wannan wuri, a bar su su sha iska.

Wasu ƙananan suwic na kyamara suna da maɓallin tsawaita zango har mita 250. Yana aiki, amma ta hanyar sauke gudun ƙofar zuwa megabit 10. Kyamara ɗaya mai ƙaramin ja za ta iya rayuwa da haka. Na'urar Wi-Fi kam a'a.

Mataki na huɗu: zaɓi yadda suwic zai yi lissafi

Daga nan sai suwic mai shafin saiti. Wanda ba shi da shi, dabararka ɗaya ce: yawancinsu suna fifita ƙofofi masu ƙananan lambobi, don haka sa muhimman na'urori a farko, bayan ka tabbatar da hakan a takardarsa.

Hanyoyin rabo uku ne, ko da sunayensu sun bambanta daga kamfani zuwa kamfani. Rabo da aji yana ware wa kowace ƙofa cikakken abin da ajinta ya ce, ko tana ja ko ba ta ja. Ɓarna ce, amma ba ya ba ka mamaki da dare. Rabo da ainihin ja yana ƙirga abin da ake sha a yanzu kawai, sai ya karɓi na'urori da yawa. Hatsarinsa shi ne da rana komai zai yi kyau, da magariba kyamarori 12 su kunna fitilu a tare, jimla ta haura, suwic ya fara yanka. Hanya ta uku ita ce ka rubuta wa kowace ƙofa adadi da hannunka. A suwic ɗin Aruba da tsofaffin HP ProCurve, umarnin poe-allocate-by ne ke zaɓar ɗaya daga cikin ukun.

In wuta ta wadata, bar shi a aji ka huta. In ba ta wadata ba, rubuta da hannu: iyakar jan na'ura, ka ƙara wat ɗaya ko biyu na kebul. Kyamara mai wat 8 ka ba ta 10. A misalinmu wannan kaɗai ya ceto kusan wat 65.

A Cisco akwai tarko a nan. Umarnin power inline auto max 10000 ba ya rage abin da aka ware wa kyamara 'yar aji 3. Abin da yake yi shi ne hana ta wuta gaba ɗaya, tunda ajinta ya nemi fiye da iyakar da ka sa. Wanda ke sauya lissafin shi ne power inline consumption 10000, kuma lambar a miliwat take. Da shi ka ɗauki alhakin lissafin a wuyanka, don haka haɗa shi da power inline police domin suwic ya kama ƙofar da ta wuce gona da iri. Fara da action log, ka ga rahoto na mako guda, kafin ka ba shi damar rufe ƙofa. Shi kuwa power inline static yana ajiye wa ƙofa rabonta ko ba a soka komai ba, ya dace da na'urar da ba ka yarda ta rasa wuta ba.

Sai ka kunna LLDP. Ta wannan hanya na'ura ke gaya wa suwic ainihin abin da take bukata, har zuwa kashi ɗaya cikin goma na wat. A suwic ɗin Cisco da yawa yana zuwa a kashe, kuma 'yar aji 4 tana farawa ne da wat 15.4 har sai ta nemi ƙari. In ba ta samu hanyar nema ba, na'urar Wi-Fi za ta tashi, fitilarta ta yi kyau, amma ta rage ƙarfin watsawa ko ta kashe ɗaya daga cikin rediyoyinta ba tare da ta yi ƙara ba. Umarnin lldp run kawai ke warware wannan.

Mataki na biyar: fifiko

Matakai uku aka saba gani: mafi muhimmanci, babba, da ƙarami. In wuta ta gaza, daga ƙasa ake fara yanka, in kuma ƙofofi biyu suna mataki ɗaya, galibi mai babbar lamba ce ke fara tafiya. A MikroTik lamba ake sa wa poe-priority, kuma ƙaramar lamba ita ce babba a daraja, abin da ke rikita mutane da yawa.

Kuskuren da aka fi yi shi ne sa komai a mataki na sama, wanda daidai yake da ba a sa komai ba. Na sama na 'yan kaɗan ne: kyamarar get da ta wurin kuɗi, wayar mai gadi, da duk na'urar da kake bi ta kanta ka shiga suwic ɗin daga nesa. Wannan ta ƙarshen a kula da ita. In rediyon da ke kawo intanet yana shan wuta daga suwic ɗin kuma aka yanke shi, ka rasa hanyar gyara sai ka tako da ƙafa. Jimlar na sama da na tsakiya su zauna cikin abin da suwic ke iya bayarwa, ƙananan kaɗai su zama na sadaukarwa. Ƙofofin da ba kowa, da waɗanda ke zuwa kwamfuta ko wani suwic, a kashe musu PoE: power inline never a Cisco, poe-out=off a MikroTik. Saitin forced-on na MikroTik yana tsallake gwajin turjiya ya saki wuta kai tsaye, kada a bar shi a ƙofar da kowa zai iya sokawa.

Mataki na shida: batir da jadawali

Inda ake yawan ɗauke wuta, suwic ɗin ya zama babban mai cin batir. Kayan wat 240, da abin da shi kansa yake ci, da asarar juya wuta, sun kusa wat 300 a soket. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 200 yana ɗauke da wat-awa 2,400. In na ruwa ne, rabi kawai ya kamata a sha, inbata kuma ta ci nata, sai a tsira da kimanin 1,000. Awa uku da 'yan mintuna kenan. Ƙaramar UPS ta kwamfuta ba za ta yi komai a nan ba sai riƙe suwic na 'yan mintuna kafin a tada janareta, kuma wannan ma aiki ne babba, domin yana hana duk kyamarori mutuwa su sake tashi a kowane canjin layi.

Jadawalin kashe ƙofofi shi ke tsawaita batir ba tare da sayen wani ba. Makarantar da ke tashi da la'asar ba ta bukatar Wi-Fi da wayoyin ofis da dare. Kashe su daga ƙarfe 7 na yamma zuwa 6 na safe yana sauke har wat 100, daidai lokacin da kyamarori ke ƙara ja. Sai dai suwic da yawa ba su da batirin agogo. In wuta ta ɗauke, agogonsu ya koma wata tsohuwar rana, jadawali ya kashe Wi-Fi da tsakar rana. Saita NTP, mai daidaita agogo ta intanet, da yankin lokaci na UTC+1 ga Najeriya da Nijar, sannan ka zare filogi ka mayar, ka ga ko agogon ya dawo daidai.

Akwai kuma saitin da ke aika wa na'ura ping, wato ɗan saƙon gwaji, in ta yi shiru ya ɗauke mata wuta ya mayar. A MikroTik sunansa power-cycle-ping-enabled. Yana rage hawa tsani, amma da sharaɗi uku: adireshin na'urar ya zama tsayayye, lokacin jira ya fi lokacin tashinta tsawo, minti uku zuwa biyar ga yawancin kyamarori, kuma a kashe shi kafin a sabunta manhajar na'urar. Ɗauke wuta a tsakiyar sabuntawa yana iya kashe ta har abada.

Mataki na bakwai: gwaji da gano matsala

Ajiye saitin tukuna, write memory a Cisco, in ba haka ba ɗaukewar wuta ta farko za ta share aikin. Gwaji kuma da dare ake yin sa. Bayan isha'i, duba show power inline a Cisco, ko interface ethernet poe monitor a MikroTik, ko shafin PoE na sauran, ka rubuta jan kowace ƙofa kusa da abin da ka ƙiyasta. Sannan kashe suwic ɗin ka kunna, ka tsaya ka ga ko duka sun tashi. In kana da manhajar sa ido ta SNMP, sa ta yi gargaɗi a kashi 80.

Kyamarar da ke mutuwa da faɗuwar rana tana dawowa da safe, ko dai wutar suwic ta ƙare ko kebul ɗinta ya gaza. Rahoton suwic ne zai raba gardama: in ya nuna power-deny, lissafi ne, in bai nuna ba, sauko da kyamarar ka soka ta da kebul na mita biyu a ƙofar, ka rufe idonta da hannu har fitilun su kunnu. In ta tsaya, laifin layi ne. Na'urar da ke tashi tana mutuwa a jere yawanci bolt ne ke faɗuwa daidai lokacin da ta fara ja da ƙarfi. Ƙofar da ta nuna faulty, ko saƙon Imax a Cisco, tana nufin an ja fiye da ƙima: nemi ruwa a kan kebul na waje, ko fil da ya yi tsatsa ya zama kore. Ƙofar da ta ƙi ba da wuta ga kowace na'ura amma bayanai na wucewa, galibi tsawa ce ta ƙone ɓangaren wutarta, kuma takan tafi da maƙwabtanta huɗu ko takwas da ke kan guntun lantarki ɗaya a cikin suwic.

Saboda haka duk kebul da ya fita waje a damina yana bukatar na'urar kare tsawa mai wuce PoE a ƙarshensa biyu, kuma a haɗa ta da ƙarfen atin na gaske, in ba haka ba kwalliya ce. Tsakanin gini da gini kada a ja kebul na jan ƙarfe, a ja faiba, a sa wa ɗaya ginin ƙaramin suwic nasa. Suwic ɗin da ke rage wuta ko kashe ƙofofi da azahar kuwa zafi ne ke damunsa. Da yawansu an yi su ne don digiri 40 ko 45, akwatin ƙarfe a rufe a ɗakin da ba iska yana wuce haka cikin sauƙi. A bar tazara sama da ƙasansa, a sa wa akwatin fanka, a kuma hure ƙurar hunturu daga fankokinsa kafin zafi ya shigo.